Faifan MP3: Laifin Faifai Ne Ko Na Rikoda?

A kasuwannin bakin iyaka irin su Jibiya da Illela da Birnin Ƙonni da Maigatari, akwai wata gardama da ta daɗe tsakanin masu sayar da kayan sauti da abokan cinikinsu. Mutum zai sayi faifai a ce masa akwai waƙa 150 a ciki, ya tsallaka iyaka ya isa gida, ya saka a rikoda ta yi gum. A nan kusa da sai ya dawo a canza masa, amma wanda ya taso daga Maraɗi ko Tawa ba zai biya kuɗin mota saboda faifai ɗaya ba. Sai dai ya riƙe abin a zuci, ya kuma gaya wa 'yan garinsu cewa mai shagon macuci ne.

Wani zai ce ai zamanin faifai ya wuce, tunda memori da filas da waya sun karɓe kasuwa. Haka ne, to amma har gobe akwai tsofaffin motoci 'yan Kwatano da ba su da wurin saka filas sai faifai, ga kuma kwalaye cike da tafsiri da waƙoƙin su Shata da Ɗanƙwairo a gidajen jama'a.

Abin da ya kamata ɗan kasuwa ya fara sani shi ne faifan sauti iri biyu ne, kodayake a ido ba su da bambanci. Na farko shi ne CD na asali wanda kamfanonin Sony da Philips suka fito da shi a 1982, wanda ba ya wuce minti 80. Na biyu kuwa, faifan iri ɗaya ne, amma an zuba masa sauti matsattse da ake kira MP3, fasahar da masana a cibiyar Fraunhofer ta ƙasar Jamus suka jagoranci ƙirƙirowa, aka raɗa mata wannan suna a 1995. Dabarar ita ce a zubar da sassan sautin da kunnen ɗan Adam ba ya kamawa sosai, sai nauyin waƙa ya koma kamar kashi ɗaya cikin goma. Da haka faifai mai megabait 700 yake ɗaukar sama da awa 11, wato kusan kaset takwas masu minti 90. Idan karatu ne ko wa'azi, wanda babu kiɗa, ana iya ƙara matsewa har izu sittin su shige faifai guda.

To a nan gizo ke saƙar. Rikodar da ba a ƙera ta da abin warware wannan matsi ba, ba za ta taɓa karanta shi ba, ko da sabuwa ce fil. Wata za ta rubuta babu faifai, wata ta riƙa ƙirga lokaci ba sauti. Faifan lafiyarsa ƙalau, rikodar ma haka, jininsu ne bai haɗu ba. Saboda haka kafin a karɓi kuɗin mutum, a tambaye shi ko akwai rubutun MP3 a goshin na'urarsa. Yawancin na'urorin DVD 'yan China suna karantawa, amma rediyon mota da aka ƙera kafin 2000 da wuya.

Sai laifin mai ɗora waƙoƙin a kwamfuta, wanda shi ne ya fi yawa. Wasu sukan gama ɗorawa su bar faifan a buɗe ba su rufe shi ba, wai don su ƙara wani abu daga baya. Kwamfuta za ta karanta, rikoda da yawa ba za su karanta ba. Wasu kuma garin sauri sukan ɗora da gudu na ƙarshe, su 48 ko 52, a kan faifai mai arha, sai ya riƙa tsalle. Gudun 8 ko 16 ya fi kwanciyar hankali. Akwai kuma masu cakuɗa MP3 da wani nau'in da ake kira WMA, rikoda ta tsallake rabin waƙoƙin, mai saye ya ɗauka an tauye masa mudu. Hatta lamba tana da ƙa'ida: in ba a rubuta 001, 002 ba, a wasu na'urori sura ta 10 ce za ta biyo ta ɗaya. Faifan da ake gogewa a sake ɗorawa, wato CD-RW, shi kam tsofaffin rikodoji ba sa ganinsa sosai, domin ba ya mayar da haske kamar CD-R.

Rana ma abokiyar gaba ce. Faifan kamfani buga shi aka yi da inji, amma CD-R wani siririn rini ne a ciki wanda hasken na'ura ke ƙonawa, kuma zafi da hasken rana suna kashe rinin nan a hankali. Abin mamaki, har yanzu za ka ga an shanya su a tebur tun hantsi har la'asar, ko direba ya bari a gaban gilashi a watan bazara. Haka nan ƙarzuwa a saman faifan, inda ake rubutu, ta fi ta ƙasan illa, don haka a guji biro mai tsini. Lokacin hunturu kuma ƙura kan rufe idon rikoda, a yi ta zagin faifai alhali goge idon kawai ake buƙata.

Masu ajiyar tsofaffin faifai tun na 2005 ko 2008 su sani cewa ba su da tabbas. Wanda ya fara yin rawaya ko ɓarewa ta gefe ya kama hanya. A kai wa 'yan turi masu kwamfutar da ke da wurin saka faifai su kwashe abin da ke ciki zuwa filas, kuma a yi kwafi biyu, domin sababbin kwamfutoci da yawa ba sa zuwa da wannan wuri yanzu.