Yawon Buɗe Ido A Bakin Gulbin Maraɗi: Kasuwar Da Har Yanzu Ba Ta Ci Ba

Masu sauraren Sashen Hausa na Rediyon Jamus sun daɗe da sanin sunayen Kolon da Bon, biranen da gidan rediyon ya zauna, sai dai ba kowa ya san cewa dukkansu a bakin kogi ɗaya suke ba, wato kogin Rayin. Shi wannan kogi kasuwa ce mai zaman kanta. Tun da aka kammala mashigin ruwan da ya haɗa shi da kogin Danub a shekarar 1992, jiragen ruwa masu ɗakunan kwana suke ɗaukar 'yan yawon buɗe ido daga Amstadam ta ƙasar Holan har zuwa Budafes ta ƙasar Hangari, tafiyar kimanin mako biyu, inda kuɗin kujera ɗaya kan kai dubban Yuro.

Abin lura ga ɗan kasuwa a nan shi ne, ba ruwan ake sayarwa ba. Jirgi yakan yi tafiya da dare, da safe ya tsaya a wani tsohon gari, baƙi su sauka a zagaya da su fadoji da tsofaffin gine-gine, daga nan su faɗa kasuwa. Mai abinci ya samu, mai sayar da tsaraba ya samu, haka ma wanda ya iya ba da tarihin garin. A 2018 da 2022, lokacin da fari ya sa ruwan Rayin ya ja baya, a motocin safa aka riƙa kwasar baƙin daga gari zuwa gari.

To, mu ma a nan muna da jerin garuruwan tarihi a bakin ruwa guda. Gulbin Maraɗi yana tasowa ne daga ƙasar Katsina, ya bi ta Jibiya ya shiga Jamhuriyar Nijar, ya ratsa Madarumfa da Maraɗi da Tsibiri da Gidan Rumji, sannan ya sake komowa Nijeriya ya haɗu da gulbin Rima. Gaskiya ne ba zai ɗauki jirgi ba, domin ruwan damina ne, da rani sai rairayi, ga kuma madatsar Jibiya da ke riƙe wani kaso na ruwan. Amma babbar hanyar kwalta da ta taso daga Yamai zuwa Damagaram ta haɗa Gidan Rumji da Tsibiri da Maraɗi da Agye da Gazawa a layi ɗaya, kuma ita ce hanyar da fatakenmu ke bi kullum ba tare da sun tsaya sun duba abin da suke wucewa ba.

Mu fara da Tsibirin Gobir, da ke cikin gundumar Gidan Rumji, wanda daga Maraɗi bai fi tafiyar 'yan mintoci a mota ba. Bayan faɗuwar Alƙalawa a 1808, sarakunan Gobir sun yi shekaru ba su da mazauni tabbatacce. A 1836 aka gwabza yaƙin Gawakuke, inda Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya yi nasara, Sarkin Gobir Ali da Sarkin Katsinan Maraɗi Rauda suka kwanta dama. Bayan wannan ne Sarkin Gobir Mayaƙi ya kafa Tsibiri kusa da ƙawayensa Katsinawa, kuma har yau a nan fadar Gobir take. Duk wanda ya ga hawan Sallah a ƙofar wannan fada, da dawaki da algaita da dogarai, ya san akwai abin nuna wa baƙo.

Wani abin da ya kamata mata 'yan kasuwa su sani shi ne, a waɗannan masarautu biyu mace tana riƙe da babbar sarauta: Inna a Gobir, Iya a Maraɗi. A zamanin Sarki Ɗan Baskore, wanda ya yi mulkin Maraɗi daga 1854 zuwa 1875, Iya ce shugabar mata, kuma wakilanta ne ke karɓar rabonta na hatsi daga masu awo a kasuwa. Ashe ke nan hannun mace a sha'anin kasuwar wannan yanki ba yau ya fara ba.

Ita kanta Maraɗi, tsohon garin a cikin fadama yake, sai ambaliyar 1945 ta cinye shi, aka hau tudu aka sake gini. Kudu da ita akwai tafkin Madarumfa, inda ake iya shiga kwale-kwale, ga kuma kaburburan waliyyai 99 da jama'a ke ziyarta. Tun 2006 Nijar ta sa wurin cikin jerin wuraren da take neman hukumar UNESCO ta amince da su.

Ta gabas kuwa, Gazawa tsohon zango ne na ayari. A watan Janairun 1851 Baturen nan ɗan Jamus, Heinrich Barth, wanda ya kira kansa Abdulkarim, ya yada zango a nan kan hanyarsa daga Tasawa zuwa Katsina, ya kuma rubuta labarin garin da dajin da ke gabansa mai cike da haɗari. Yankin ne Gulbin Kaba ke ratsawa, inda goriba ke ba mata kabar saƙa tabarmi da faifai. A ƙasar Agye kuma, ƙauyuka irin su Ɗan Saga sun yi suna kan dabarar barin kututtukan itatuwa su sake tohowa a gonaki, har manoma da masana daga wasu ƙasashe kan zo gani da ido. Tsaraba kuwa ba a magana: aya, ƙuli-ƙuli, kilishi, da kayan fatar jar akuyar Maraɗi.

Sai dai kuma babbar matsalar ita ce tsaro. Tun 2019 dubban 'yan gudun hijira daga jihohin Sakkwato da Zamfara da Katsina suka kwararo cikin gundumar Gidan Rumji saboda 'yan bindiga, kuma ƙauyukan bakin iyaka na fama da satar shanu da garkuwa da mutane. Bayan juyin mulkin Yulin 2023 an rufe iyaka har zuwa Maris na 2024, kuma 'yan kasuwar Jibiya da Ɗan Isa sun san abin da suka ɗanɗana. A irin wannan hali, jiran Bature ya zo da kyamara ɓata lokaci ne.

A ganinmu, baƙon da ya fi kusa shi ne ɗan'uwa: Bagobirin Sabon Birni ko Isa da ke son ganin fadar kakanninsa, Bakatsinen da ke da dangi a Maraɗi, ɗaliban makarantu, da ayarin matan da ke zuwa biki ko sarin kaya. Waɗannan suna zuwa dama, abin da babu shi ne wanda zai tsara musu tafiyar, ya tanadi mota da masauki mai tsafta da mai ba da tarihi, ya kuma tsayar da su a rumfunan da suka dace. Ga kuma layin dogon Kano zuwa Maraɗi, mai tsawon kilomita 284, wanda aka aza harsashinsa a Fabrairun 2021, da zai bi ta Daura da Katsina da Jibiya.

Mai niyyar zuwa ya bari sai bayan damina, lokacin da fadama ke kore kuma kaya sun shigo kasuwa, ya tanadi takardunsa da kuɗin Sefa, ya tsaya kan babbar hanya, ya kuma guji tafiyar dare. Babbar kasuwar Maraɗi ran Litinin da Juma'a take ci.