Mako guda kafin a buɗe asusu

A ƙungiyarmu ta Mata Masu Dubara, kusa da Tsibiri, akwai Kirista huɗu. Bara ɗaya daga cikinsu, wadda mijinta ya rasu, ta rasa abin yi: ta ɗauki bashin jaka 40 ta yi kiwon rago, ko ta haƙura? In rago ya mutu, gonar marayunta ce za ta tafi jingina.

Ta ce mu ba ta mako guda. Ita da ƴan zumuntar mata suka yi azumin kwana uku, kullum da asuba suna roƙo: "Ubangiji, ka nuna mata hanya, cikin sunan Yesu." Gaskiya wasunmu sun yi gunaguni, don akwai mai jiran kuɗin.

Ran Laraba ta dawo, ta ce jaka 15 ta ishe ta, gyaɗa za ta saya ta yi mai da ƙuli. Sauran 25 muka ba mai jira.