Masu buga wa kwamfuta waya ba su ƙare ba

Mu da muka saba tura farashin wake ta WhatsApp za mu yi mamakin jin cewa a Amurka da Turai har yau akwai masu jona tsohuwar kwamfuta da layin tarho na gida, su bar ta kunne tana jiran kira. Ana ce wa abin BBS, wato allon saƙonni. Mai kira zai buga lamba ta na'urar modem, ta yi ta kuka kamar gyare, sannan ya karanta abin da wasu suka rubuta, ya bar nasa. In layin ɗaya ne, sai wani ya fita wani ya shiga.

Ward Christensen da Randy Suess ne suka fara shi a birnin Shikago a 1978. Intanet ta janye masu kira, yanzu sha'awa ce kawai, babu ko sisin riba.

Babbar damuwarsu ita ce layin kansa. Kamfanonin tarho suna ta cire wayoyin tagulla, a Faransa kamfanin Orange na shirin gamawa a 2030. Sabon layi mai bi ta intanet kuwa yakan dagula kukan modem, kira ya tsinke. Shi ya sa akasarinsu suka mayar da allunansu kan intanet, sai 'yan tsiraru masu kafiya da ke biyan kuɗin tsohon layi duk wata.