Riƙon Yara a Al'ada da Shari'a da Dokar Ƙasa: Matsayin Lauya

1.0 Gabatarwa

Riƙon ɗan wani daɗaɗɗiyar al'ada ce a ƙasar Hausa. Kaka kan karɓi jikanta bayan yaye, musamman ɗan fari da iyayensa ke kunya, haka kuma akan bai wa matar da ba ta taɓa haihuwa ba 'yar ƙanenta don ta ɗebe mata kewa. A wancan zamani dangi da maƙwabta su ne shaidu. A yau, a wuri irin Kalambaina ta ƙaramar hukumar Wamakko, inda masana'antar siminti ta tara ma'aikata daga sassa daban-daban tun daga 1967, mai riƙo kan zauna nesa da dangin yaron. Saboda haka buƙatar rubutacciyar shaida ta taso. Wannan darasi zai bayyana hanyoyin riƙo, da matakan da ake bi, da aikin lauya a ciki.

2.0 Hanyoyin Riƙo

2.1 Tallafi: Wannan shi ne riƙon gargajiya. Yaro na tashi a hannun uwar riƙo, amma kowa ya san iyayensa, kuma suna iya karɓar abinsu. Littafin Baba of Karo na 1954 ya kawo misalai da dama na wannan al'ada.

2.2 Kafala: Ita ce ɗaukar nauyin ci da sha da tufafi da tarbiyyar maraya ko tsintaccen yaro, ba tare da sauya nasabarsa ba. Musulunci ya kwaɗaitar da ita, ya kuma haramta tabanni, wato mayar da ɗan wani ɗan cikinka, kamar yadda aya ta 4 da ta 5 na Suratul Ahzab suka nuna dangane da Zaidu ɗan Harisa. Hausawa na kiran irin wannan ɗa da ɗan hankaka. Sashe na 20 na Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan Haƙƙin Yara ta 1989, wadda Nijeriya ta amince da ita a 1991, ya ambaci kafala da sunanta.

2.3 Ɗiyantarwa ta dokar ƙasa: A nan kotu kan ɗauke haƙƙoƙin iyayen asali ta ɗora wa mai nema, yaro ya zama tamkar shi ya haife shi, har ya gaje shi. Dokar Haƙƙin Yara ta Tarayya ta 2003 ce ta tsara wannan. Sai dai dokar ba ta aiki a jiha sai majalisar jihar ta yi tata. Jihar Sakkwato ta samu Dokar Kare Yara a 2021, zamanin Gwamna Aminu Waziri Tambuwal.

3.0 Matakan da Ake Bi

Matakin farko shi ne shawara da lauya. Shi zai tantance hanyar da ta dace da addinin mai nema da dokar jihar da yake zaune, ya kuma nuna kotun da ke da hurumi. Sashe na 277 na Tsarin Mulkin 1999 ya sanya batun tsintaccen yaro da waliccin ƙaramin yaro cikin hurumin Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a idan masu shari'ar Musulmi ne.

Mataki na biyu shi ne rubuta takardar nema zuwa ga ma'aikatar da ke kula da harkokin mata da yara. Akan haɗa da shaidar aure, da ta lafiya, da ta abin da mutum ke samu. Daga nan jami'in jin daɗin jama'a zai ziyarci gida ya ga muhalli da halin mutanen gidan, sannan ya rubuta rahoto.

Mataki na uku shi ne neman yardar iyaye ko waliyyin yaro a rubuce. Idan tsintacce ne, rahoton 'yan sanda da na ma'aikata ne za su nuna cewa an yi cigiya ba a dace ba.

Mataki na ƙarshe shi ne gabatar da buƙata a gaban alƙali tare da takardar rantsuwa. A ƙarƙashin dokar 2003, ma'aurata masu neman ɗiyantarwa sai kowannensu ya kai shekara 25, wanda ba shi da aure kuma sai ya kai 35, yaron ya kasance jinsinsu ɗaya. Dole ne mai nema ya girmi yaron da shekara 21, kuma yaron ya zauna a hannunsa wata 3 a jere kafin hukunci. Dokar ta hana biyan kuɗi don a sami yaro. Ma'aunin alƙali a kowane hali shi ne maslahar yaron, ko da ta saɓa wa burin mai nema.

4.0 Gado da Muharramaka

Ɗan kafala ba ya gadon mai riƙonsa. Da yawa daga cikin irin waɗannan yara kan wayi gari ba su da komai ranar da aka raba gado, bayan sun shekara ashirin suna yi wa gidan hidima. A nan ne amfanin lauya ya fi fitowa. Zai iya rubuta wasiyya wadda ba ta wuce sulusin dukiya ba, ko takardar kyauta da shaidu, a kuma damƙa wa yaron abin tun mai kyautar na raye. Haka nan riƙo ba ya sa yaro ya zama muharrami, sai fa idan uwar riƙon ta shayar da shi cikin shekarun shayarwa.

5.0 Illar Kauce wa Doka

Mai karɓar yaro a ɓoye yana iya zama abokin ɓarayin yara bai sani ba. A 2019 'yan sanda suka gano yara 9 da aka sace daga Kano aka kai Onica ta jihar Anambra, inda aka sauya musu suna. Hukumar NAPTIP, da aka kafa a 2003, na gurfanar da masu irin wannan ciniki, mai saye da mai sayarwa.

6.0 Kammalawa

Malami na cikin mutanen farko da ke rubuta sunan yaro a takardar hukuma, kuma sunan da ya shiga rajistar aji ɗaya shi ke bin ɗalibi har takardar jarrabawar ƙarshe. Ya wajaba malami ya nemi takardar haihuwa ta Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa, ya rubuta sunan uban asali, ya keɓe wa mai riƙo gurbinsa na daban. Ya kuma tsare sirrin yaron, ya hana 'yan aji yi masa gori.

Auna Fahimta
1. Bambance tsakanin tallafi da kafala da tabanni.
2. Kawo hanyoyi biyu da mai riƙo zai bi ya wadata ɗan riƙonsa ba ta hanyar gado ba.
3. Wace rawa malami zai taka wajen kare nasabar ɗalibi?