Kafin Ki Ɗaga Waya: Yadda Ake Kallon Uwa da 'Ya'yanta a Dawa

Uwargida, wataƙila bidiyon nan ya taɓa biyowa ta wayarki. A watan Afrilu na 2024, a garin Asheville na ƙasar Amurka, wasu mutane suka hangi 'ya'yan wata dabbar daji da ake kira beyar su biyu, maƙale a kan bishiya kusa da gidajensu. Ba su yi wata-wata ba suka janyo su ƙasa don su yi hoto da su. Daga baya ma'aikata suka tsinci ɗaya a bakin wani kududdufi, a jiƙe, yana rawar sanyi, yana ɗingishi. A hannun masu renon namun daji ya ƙarasa girma, bai sake komawa wurin uwarsa ba.

Abin da masu hoton ba su sani ba shi ne, uwar ce kan tura 'ya'yanta sama. Baƙar beyar tana haihuwa ne cikin rami a tsakiyar hunturu, wajen Janairu, 'ya'ya biyu ko uku, kowanne bai kai rabin kilo ba. Suna tare da ita kusan shekara ɗaya da rabi. In ta ji motsin da ba ta yarda da shi ba, ko za ta tafi neman abinci, sai su haye bishiya su jira ta. Wato bishiyar nan ɗakin ajiyarta ne. Shi ya sa a gandun dajin Yellowstone doka ta hana kowa matsawa kusa da beyar ƙasa da mita 91, komai tsadar kyamararsa.

Mu nan Kara da sauran ƙauyukan Gwarzo da Kabo ba mu da beyar, kuma noma ya cinye yawancin dajin da iyayenmu suka sani. Amma muna da uwar da ke zuwa har ƙofar gida ta yi renonta a gaban idonmu, ba mu cika ɗaga kai ba: shamuwa.

Tana sauka ne a bakin damina, wajen Afrilu zuwa Mayu, bayan ta yi rani can kudanci da gabashin Afirka. Shi ya sa manoma ke murna da ganinta, tun kafin a san hasashen yanayi na rediyo. Ba ta gudun mutane. Sai ta zaɓi babbar bishiya a cikin gari, kuka ko tsamiya ko rimi, su yi sheƙoƙi da yawa a kan bishiya ɗaya kamar gidan gandu. Ƙwai biyu ko uku take yi, kwancin kuma ya kai wata guda. Ki lura da kyau, za ki ga abin da zai ba ki dariya: ba macen kaɗai ke kwanci ba, karɓa-karɓa suke yi da namijin, haka kuma ciyarwa. (Wannan hoton kam ya cancanci a tura wa maigida.) Su tafi gona su cika ciki da fara da tsutsa, su dawo su amayar wa 'ya'yan a cikin sheƙa. In rana ta take, ɗaya zai tsaya a kansu ya yi musu inuwa da jikinsa. Duk farar da suka kwaso kuwa, daga gonar wani aka rage ta.

Ɗaukar hotonta ba ya buƙatar babbar waya. Lokaci ne da haƙuri. Ki fito da hantsi kafin rana ta yi ƙarfi, ko bayan la'asar, ki sa rana a bayanki, don in kin fuskance ta baƙin inuwa kawai za ki samu. Ki goge idon kyamarar da gefen mayafi, domin maiƙon girki da ke hannunmu shi ke dusashe rabin hotunanmu. Ki jingina gwiwar hannu a katanga ko turmi. Kada ki ja hoton da yatsu har ƙarshe, zai dagule. Gara ki ɗauki bidiyo na minti ɗaya, daga baya ki tsayar da shi inda ya yi kyau ki ciro hoton. Fitilar kyamara kuma ki kashe ta.

Ma'aunin nisa ɗaya ne, ga tsuntsu ko ga dabba: in uwa ta bar abin da take yi ta zuba miki ido, kin matso da yawa, ki ja baya. In ta tashi daga sheƙa saboda ke, kin bar ƙwai ko tsaki a hannun rana da hankaka da shirwa.

Wannan magana ta fi shafar yaranmu maza. Yawancinsu sun ji cewa ba a taɓa shamuwa, amma sauran tsuntsaye ba su da wannan gata. Yaro zai shigo da danƙo a wuya da ɗan tsuntsu a aljihu, ya ce ya tsince shi, uwarsa ta gudu. Sau da yawa ba ta gudu ba, tana kan reshe tana kallo. Tsakon da ya yi gashi yana tsalle-tsalle a ƙasa koyon tashi yake, iyayensa na ciyar da shi a nan. Maganar cewa uwa za ta ƙi ɗanta in hannun mutum ya taɓa shi ba ta da tushe ga yawancin tsuntsaye, don haka a mayar da shi inda aka ɗauko shi. Abu Dawud ya ruwaito cewa a wata tafiya sahabbai sun ɗauke 'ya'yan wata tsuntsuwa biyu, ta zo tana ta kaɗa fuka-fuki, Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya nemi sanin wanda ya tayar mata da hankali, ya sa aka mayar mata da su. Ki ba yaron labarin nan, sannan ki miƙa masa wayar ya ɗauko miki hoton. Yaron da aka ba aikin gadin sheƙa ba kasafai yake jifanta ba.

In Allah ya kai ku Yankari a jihar Bauchi, wanda aka buɗe wa masu ziyara tun 1962, can ne za ki ga goyo na gaske. Birai irin bika sun cika sansanin Wikki. Jaririnsu baƙi ne wuluk, fuska da kunnuwa jajaye, yana maƙale a ƙirjin uwa. In ya yi 'yan watanni sai ya koma gadon baya ya zauna kamar mahayin doki. Sauran matan garken kan kewaye mai jego, suna yi mata tsifa don ta bar su su taɓa jaririn, kai ka ce barka aka zo.

Sai dai bika ba shamuwa ba ne. Ya saba da mutane, ya san leda, ya san jaka, kuma fiƙoƙin namijin ba na wasa ba ne. Kada ki ba ɗanki biskit ya miƙa don a yi hoto. Kada ki shiga tsakanin uwa da ɗanta, kada ki ƙura masa ido, domin a wurinsu wannan neman faɗa ne. In kin ga babba yana hamma yana nuna haƙora yana ɗaga gira, ba barci yake ji ba, kashedi ne. Ki ɗauki ƙaramin yaronki, ki ja baya a hankali ba tare da gudu ba. In tsautsayi ya sa an yi cizo ko yaƙushi, a wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudu har minti 15, a tafi asibiti a ranar saboda ciwon haukan kare. Haka ma in birin masu wasa ne ya yi cizon a kasuwa, a nufi Babban Asibitin Gwarzo, kada a tsaya shafa toka.

Su kuwa waɗannan birai na kasuwa, da sarƙa a ƙugu da 'yar riga, ni dai ba na ba da kuɗi a yi hoto da su. Uwar biri ba ta sakin jaririnta da daɗin rai, kuma hanyar da aka fi bi a raba su ita ce a kashe ta. Kowace naira da muka miƙa tana gaya wa mai kamu cewa akwai kasuwa.

In akwai shamuwa a unguwarku bana, ki zaɓi sheƙa ɗaya, ke da yara ku riƙa ɗaukar ta kowace Juma'a daga wuri ɗaya. Da farko kan uwar kawai za ki gani. Bayan ƙyanƙyasa 'yan bakuna za su fara leƙowa, kafin wata biyu kuma za ki same su tsaye a bakin sheƙa suna gwada fuka-fuki, sun kusa kai iyayen girma. Zuwa lokacin da ake yankan dawa, bishiyar ta koma shiru.