3.2 Yadda Ake Auna Majinyacin da ya Samu Karayar Hannu

A sashen da ya gabata an yi bayanin ire-iren karaya da dalilan da ke haddasa su. A wannan sashe kuwa za a dubi yadda jami'in farfaɗo da ayyukan yau da kullum ke auna majinyaci kafin ya tsara masa jinya. An ɗauki karayar wuyan hannu a matsayin misali, wato irin wadda Abraham Colles ya bayyana a shekarar 1814, domin tana yawan samun wanda ya faɗi ya dafa ƙasa da tafin hannu.

Abin lura a nan shi ne, haɗuwar ƙashi a hoto ba ita ce warkewa ba. Bayan kimanin mako 6 a cikin siminti, sau da yawa ƙashi ya ɗinke, amma gaɓa ta sandare, tsoka ta rame. Tela ko manomin da aka sallama a haka yana iya kasa riƙe almakashi ko fartanya, alhali da su yake ciyar da iyalinsa.

3.2.1 Tarihin Majinyaci

Jami'i yakan fara da tambayar sana'ar majinyaci, da hannun da ya fi amfani da shi, da lokacin da ya ji rauni. Haka kuma yakan tambaya ko an fara kai shi wurin mai ɗori, domin ɗaurin da ya matse yana iya toshe jini, yatsu su ƙanƙance.

3.2.2 Awon Jiki

Na farko, ana auna motsin gaɓa da goniyomita. Lafiyayyen wuyan hannu yana lanƙwasawa gaba kusan digiri 80, baya kuma kusan digiri 70. Binciken Morrey da abokan aikinsa a 1981 ya nuna cewa yawancin ayyukan yau da kullum suna buƙatar gwiwar hannu ta motsa tsakanin digiri 30 zuwa 130, dantse kuma ya juya digiri 50 ta kowane ɓangare.

Na biyu, ana auna ƙarfin tsoka da ma'auni mai daraja 0 zuwa 5. Daraja 0 tana nufin babu ko motsi, 3 tana nufin tsoka na iya ɗaga gaɓa ita kaɗai, 5 kuma cikakken ƙarfi. Ƙarfin damƙa kuwa ana auna shi da na'urar Jamar, majinyaci yana zaune, gwiwar hannu a digiri 90, a gwada sau uku a ɗauki matsakaici, sannan a kwatanta da lafiyayyen hannu. Bugu da ƙari, ana duba kumburi, da raɗaɗi, da ko yatsu suna jin taɓi.

3.2.3 Awon Ayyuka

Ma'aunin Barthel, wanda aka wallafa a Amurka a 1965, yana duba ayyuka 10, kamar cin abinci, wanka, sa tufafi da shiga banɗaki, da maki daga 0 zuwa 100. Sai dai mai karayar hannu yana iya cin maki kusan 100 alhali bai iya sana'arsa ba. Haka nan ma'aunin bai ambaci alwala, ko dafa ƙasa a sujada, ko daka, ko jan guga ba, waɗanda duk suna buƙatar lanƙwasawar wuyan hannu da ƙarfin damƙa.

Saboda haka wannan nazari ya fi karkata ga ma'aunin COPM, wanda aka fitar a Kanada a 1991. A nan majinyaci ne da kansa yake zaɓar matsaloli har 5 da suka fi damunsa, ya ba kowace maki daga 1 zuwa 10 ta fuskar iya aikin da kuma gamsuwarsa.

Bisa ga waɗannan bayanai, za a ga cewa awon jiki yana nuna abin da ya lalace, awon ayyuka kuma yana nuna abin da majinyaci ya rasa a rayuwarsa. Da sakamakon biyun ne ake tsara jinya, wadda za a yi bayaninta a sashe na gaba.