Busar da Shinkafa da Iska Mai Zafi: Yadda Injin Ke Aiki da Inda Ya Kamata Ka Tsaya

Manomi ɗan'uwa, idan kana noman shinkafa a fadamun Paiko da sauran sassan Ƙaramar Hukumar Paikoro, ka san wahalar girbi kafin ɗaukewar ruwa. Shansherar da aka yanka tana ɗauke da laima kashi 20 zuwa 25 cikin ɗari, alhali ba ta ajiyuwa sai ta sauko kashi 14. Idan ka shanya ta hadari ya taso, cikin 'yan kwanaki za ta yi zafi, ta yi ja, farashinta ya faɗi. Domin haka ne ƙungiyoyin manoma ke neman injin busarwa. Akwai wani irinsa da ya kamata ka fahimta kafin ku sa kuɗinku.

Yadda injin yake

Ana zuba shinkafa a kan faranti mai ƙananan hudoji kamar rariya, kaurinta santimita 10 zuwa 15. Fanka na turo iska mai zafi daga ƙasa. Da zarar ƙarfin iskar ya kai ya ɗauki nauyin ƙwayoyin, sai su taso suna zaɓarɓaka kamar ruwa a tukunya. Fritz Winkler ne ya gano wannan dabara a Jamus a farkon shekarun 1920, a aikin gawayin ƙasa, kuma masana a Tailan suka mai da ita ga shinkafa a shekarun 1990.

Aikin kumfar iska

Rarar iskar takan dunƙule ta zama kumfa, ta haura sama ta fashe. Kowace kumfa tana jan ƙwayoyi a bayanta, sa'annan su gangaro ta gefen bango. Wannan juyi ne ke sa kowace ƙwaya ta sami zafi daidai da 'yar'uwarta.

Idan iska ta yi kaɗan, shinkafar za ta kwanta, ta ƙasa ta ƙone. Idan ta yi yawa, kumfa za ta haɗu ta yi girma, ta wuce ba ta kwashi laima ba, ta kuma yi awon gaba da hatsinka. Kara da ganye su ma sukan sa iska ta fasa hanya guda ta bar sauran. Saboda haka ka sheƙe shinkafarka sosai kafin ka zuba.

Inda za ka tsaya

Saurin injin shi ne haɗarinsa. Cikin mintuna kaɗan bayan ƙwaya ke bushewa, cikinta kuwa da sauran danshi. Idan ka matsa har kashi 14 a zubi ɗaya, ƙwayar za ta tsage, ka kai injin casa ka kwaso karyayyiya. Ka tsaya a kashi 18 zuwa 19. Ka tara ta, ka rufe, ta huta har laimar ciki ta fito waje, sa'annan ka ƙarasa a hankali a inuwa ko da iska mai ɗan ɗumi. Mata masu turara shinkafa su ma su kiyaye wannan ƙa'ida.

Kafin ƙungiyarku ta sayi inji, ku tanadi na'urar auna laima, ku tabbatar da wuta ko man da zai juya fankar. Domin ƙarin bayani, ku tuntuɓi malamin gona na yankinku ko Cibiyar Binciken Hatsi ta Ƙasa da ke Badeggi.